Yadda Dimokuraɗiyya Ke Kare Kanta Daga Masu Neman Rushe Ta: Nazari a Kan Tsarin Ƙasar Jamus

1.0 Gabatarwa

Babbar matsalar da ke tattare da mulkin dimokuraɗiyya ita ce, 'yancin da yake bai wa masoyansa shi ne dai yake bai wa maƙiyansa. Wanda ke neman rushe tsarin yana da damar kafa jam'iyya da yin taro da neman ƙuri'a kamar kowa. Barazanar kuwa iri biyu ce. Akwai ta masu tsattsauran ra'ayi, waɗanda ke ƙin tsarin ɗungurungum. Akwai kuma ta masu fakewa da sunan talakawa, watau 'yan siyasar da ke da'awar su kaɗai ne muryar jama'a, suna kuma ɗaukar kotu da jarida da 'yan adawa a matsayin maƙiyan al'umma. Wannan maƙala ta dubi yadda ƙasar Jamus ta tunkari wannan matsala bayan Yaƙin Duniya na Biyu, domin ta nuna abin da doka ke iya karewa da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

2.0 Tushen Matsalar

Jamhuriyar Weimar, wadda aka kafa a Jamus a 1919, ba juyin mulkin soja ne ya kifar da ita ba. Jam'iyyar Nazi ta sami kashi 37 cikin ɗari na ƙuri'u a zaɓen Yulin 1932, ta zama mafi girma a majalisa. A ranar 30 ga Janairun 1933 Shugaba Hindenburg ya naɗa Adolf Hitila shugaban gwamnati, bisa shawarar wasu 'yan mazan jiya da ke zaton za su iya juya shi. Bayan gobarar da ta cinye zauren majalisa a ƙarshen Fabrairu, sai aka yi amfani da sashe na 48 na tsarin mulki aka dakatar da haƙƙoƙin jama'a. A ranar 23 ga Maris majalisa ta miƙa wa gwamnati ikon yin doka da ƙuri'a 444, yayin da 94 suka ƙi. Kafin ƙarshen Yuli babu wata jam'iyya halattacciya sai ta Nazi.

Wannan ne ya sa Karl Loewenstein, masanin shari'a Bajamushe da ya yi gudun hijira zuwa Amurka, ya yi kira a 1937 da a samar da dimokuraɗiyya mai kare kanta. A ganinsa, tsarin da ya bar ƙofarsa a buɗe ga masu neman kashe shi ya haƙa wa kansa rami.

3.0 Garkuwar da Aka Gina a 1949

Kundin tsarin mulkin Jamus ta Yamma, wanda aka ƙaddamar a ranar 23 ga Mayun 1949, ya ƙunshi matakan kariya da dama. Muhimmai daga cikinsu su ne:

(a) Sashe na 79 ya hana a taɓa wasu ginshiƙai ko da da rinjayen kashi biyu cikin uku ne. Waɗannan sun haɗa da mutuncin ɗan Adam da mulkin jama'a da bin doka da tsarin tarayya.

(b) Sashe na 21 ya ba da damar haramta duk jam'iyyar da ke neman rushe tsarin 'yanci da dimokuraɗiyya. Sai dai gwamnati da majalisun tarayya biyu iyakarsu shigar da ƙara. Hukunci na Kotun Tsarin Mulki ne da ke birnin Karlsruhe, kuma sai kashi biyu cikin uku na alƙalan zauren da ke sauraron ƙarar sun amince.

(c) Sashe na 67 ya tanadi cewa majalisa ba za ta tsige shugaban gwamnati ba sai ta zaɓi magajinsa a ƙuri'a guda. Wannan ya toshe hanyar da ɓangarori masu gaba da juna ke haɗuwa don rushewa kawai. Sau ɗaya aka yi nasarar amfani da shi, a 1982, lokacin da Helmut Kohl ya gaji Helmut Schmidt.

Daɗin daɗawa, dokar zaɓe ta shata cewa, in ban da wasu keɓantattun halaye, jam'iyyar da ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba ba za ta shiga majalisa ba. Haka kuma a 1950 an kafa Hukumar Kare Tsarin Mulki don sa ido a kan ƙungiyoyi masu haɗari, amma ba a ba ta ikon kama mutane ba, saboda tunawa da ta'asar 'yan sandan ciki na zamanin Nazi.

4.0 Yadda Aka Yi Amfani da Garkuwar

Jam'iyyu biyu kaɗai aka taɓa haramtawa a ƙarƙashin sashe na 21: SRP, magajiyar Nazi, a 1952, da KPD ta 'yan gurguzu a 1956. Yunƙurin haramta jam'iyyar NPD mai aƙidar wariyar jinsi ya ci tura sau biyu. A 2003 kotu ta rufe shari'ar saboda an gano akwai 'yan leƙen asirin hukuma a cikin shugabannin jam'iyyar, ta yadda ba za a iya bambance maganar jam'iyya da ta wakilan hukuma ba. A 2017 kuwa kotu ta tabbatar cewa manufofin NPD sun saɓa wa tsarin mulki, amma ta ƙi haramta ta saboda ba ta da ƙarfin cim ma burinta. A wannan shekarar aka yi wa kundin gyara don a iya hana irin wannan jam'iyya kuɗin tallafin gwamnati, kuma a Janairun 2024 kotu ta yanke wa NPD, wadda ta sake suna zuwa Die Heimat, wannan tallafi na tsawon shekara shida.

Garkuwar ta taɓa raunata marasa laifi. Umurnin 1972 na tantance aƙidar masu neman aikin gwamnati ya hana mutane da yawa aiki, musamman malaman makaranta, saboda ra'ayinsu na siyasa. A 1995 Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa korar wata malama saboda kasancewarta 'yar jam'iyyar gurguzu ta tauye haƙƙinta.

5.0 Sabuwar Barazana

Waɗannan matakai an tsara su ne da masu tsattsauran ra'ayi a zuciya. Masu fakewa da sunan talakawa kuwa ta akwatin zaɓe suke shigowa, sa'an nan su raunana cibiyoyi daga ciki. A Hangari, jam'iyyar Fidesz ta sami kashi biyu cikin uku na kujerun majalisa a 2010, ta rubuta sabon kundin tsarin mulki, ta kuma rage shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62, wanda hakan ya ba ta damar cike gurabe masu yawa. A Polan ma, daga 2015, kotun tsarin mulki ce gwamnati ta fara yi wa dabaibayi.

Jamus ta ɗauki darasi. A Disamban 2024 ta shigar da ƙa'idojin kotunta cikin kundin tsarin mulki, watau alƙalai 16 a zauruka biyu, kowane da wa'adi guda na shekara 12. A da ƙaramin rinjaye ya isa a sauya waɗannan ƙa'idoji.

Duk da haka, jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi, wadda aka kafa a 2013, ta zo ta biyu a zaɓen Fabrairun 2025 da kusan kashi 21 cikin ɗari. A watan Mayun shekarar Hukumar Kare Tsarin Mulki ta ayyana ta a matsayin mai tsattsauran ra'ayi, amma da jam'iyyar ta kai ƙara sai hukumar ta jingine matakin. A nan matsalar ta fito fili. Ƙaramar jam'iyya irin NPD ba ta kai a haramta ta ba. Babba kuwa, haramta ta na nufin soke zaɓin miliyoyin mutane, abin da zai iya ƙarfafa da'awarta cewa masu mulki sun haɗa kai don danne talaka.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya fahimtar abubuwa uku. Na farko, makamin kare dimokuraɗiyya ya fi aminci a hannun kotu mai zaman kanta, domin a hannun gwamnati yana iya komawa bulalar dukan 'yan adawa. Na biyu, ita kotun tana bukatar kariya tun kafin haɗari ya iso, domin rigakafi ya fi magani. Na uku, doka ba ta sauya zuciyar mai jefa ƙuri'a. Iyakar abin da take yi shi ne ta rage wa mai neman ɓarna sauri, ta kuma tabbatar akwai wani zaɓe a gaba. Sauran aikin yana wuyan jam'iyyu da jama'a. Hitila bai taɓa samun rinjaye kai tsaye a zaɓen majalisa ba. Sai da 'yan siyasa suka buɗe masa ƙofa sa'an nan ya shiga.