Ɓawon Gyaɗa da Totuwar Masara: Shara Mai Tsotse Guba



Mutanen Minjibir kun san dam ɗin Wasai, inda ruwan Jakara yake taruwa. To, kafin ya iso nan, ya ratso birnin Kano, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauko dattin masana'antun Bompai. A cikin irin wannan datti akan sami ƙarafa masu guba, irin su dalma da kuromiyom da ake jimar fata da shi. Sun narke, ido ba ya ganinsu. Da wannan ruwa ake ban-ruwan lambuna, ganyen kuma tukunyarmu yake ƙarewa.

Wata za ta ce, ai ni tafasa ruwana nake yi. Uwargida, tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta taɓa dalma. Ruwan ne ma zai ƙone ya bar ta. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar yaro ƙarami take fara ci. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, kodayake can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito.

Abin mamaki, sharar da muke hura wuta da ita tana kama waɗannan ƙarafa. Masana a jami'o'i, har da ta Bayero, sun gwada totuwar masara, wasu ɓawon gyaɗa da ɓuntun shinkafa. Sai a wanke, a shanya, a niƙe, wani lokaci a mayar da shi gawayi. Jikin garin cike yake da 'yan ramuka, idan ruwa ya bi ta ciki sai ƙarfen ya maƙale, kamar yadda baba yake kama zane a marina.

Amma don Allah kada wata ta zuba ɓawon gyaɗa a randa ta ce ta gama. Masanan auna komai suke yi, kuma garin yakan ƙoshi ya daina kamawa. Ni a ganina wurin aikinsa bakin magudanar masana'anta ne, tun ruwan bai shigo rafi ba. Garin da aka tace ruwa da shi kuwa ya zama guba: ba a ba akuya, ba a zuba shi a murhu ko a gona.

A gida, ki tambayi maigida ko mai garuwa inda aka ɗebo ruwan sha, musamman wanda za a dama wa jariri koko da shi.