Hawayen Babur: Dalilin Yoyon Mai a Shokozoban Gaba da Maganinsa

Duk wanda ya tsaya a tashar babura ya ƙare wa ƙafafun gaban mashinan kallo, da wuya ya rasa ganin ɗaya ko biyu da baƙin maiƙo ya yi wa zobe, ƙura ta daskare a kai. Masu babur kan ɗauki wannan a matsayin dauɗa kawai, su sa tsumma su goge. Alhali kuwa alama ce cewa ɗan zoben robar nan da makanikai ke kira "oyil sil" ya fara sakin man da aka ba shi tsaro.

Yadda Shokozoba Ke Aiki

Kowace ƙafa ta gaba bututu biyu ce, ɗaya na zamewa cikin ɗaya. A cikinsu akwai sifirin da kuma mai. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi. Man kuwa, idan taya ta faɗa rami, matsi kan tilasta masa kutsawa ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi, wannan jinkiri shi ke hana sifirin yin ta tsalle. Kamfanin BMW na Jamus ne ya fara fito da irin wannan ƙafa mai aiki da mai a baburan kasuwa, a shekarar 1935. Shi kuwa kakan zoben tare mai, wani injiniya mai suna Walther Simmer ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Freudenberg a 1929, da fatar dabba. Daga baya aka koma ga robar da masana kimiyya suka harhaɗa, wadda mai ba ya narkar da ita.

Darasi Daga Idon Ɗan Adam

Mai karatu zai fi fahimtar wannan zobe idan ya dubi idonsa. Fatar ido na shafar ƙwayar ido kusan sau 15 a minti ɗaya, amma ba ta ƙafar da ita; takan bar ɗan siririn shimfiɗin hawaye domin santsi. Haka leɓen zoben yake. Wani ɗan sifirin mai kama da zare na matse shi a jikin bututu, yana share mai yana mayar da shi ciki, amma yakan bar ɗan shafe wanda bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashin kai ba. Da ba don wannan shafe ba, da gogayya ta cinye robar. A samansa akwai wata roba mai tare ƙura, wadda ke yin aikin gashin ido.

Hausawa sun ce hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ƙwayar yashi guda idan ta maƙale a ƙarƙashin leɓen zobe, sai ta ɗaga shi, mai ya sami hanya. Ke nan sau da yawa zoben lafiyarsa lau, haki ne ya shige shi.

Maƙiyan Zoben

Na farko ƙura ce. Yashin hanya cike yake da ma'adinin kwaz, wanda ya fi ƙarfe na yau da kullum tauri. A lokacin hunturu kuma ga hazon da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Galibin ƙurar wannan kwari ɓawon wasu mitsi-mitsin halittun ruwa ne masu suna dayatom, waɗanda suka rayu a tsohon Tafkin Cadi dubban shekaru da suka wuce, ɓawon nasu kuwa dangin gilashi ne. Idan ƙura ta gauraya da maiƙo, sai ta zama tamkar sanfefa.

Na biyu ƙwari ne. Da damina, shinge da sauran ƙwarin dare kan fashe a jikin bututu, gawarsu ta bushe ta yi tauri, kuma duk sa'ad da ƙafa ta nutse sai leɓen roba ya bi ta kanta. Na uku tsatsa ce: tsakuwa kan ɓantare farin rufin bututu, ruwa ya shiga, wurin ya yi kaifi yana yankar roba. Sai kuma cinyewar bushin da lanƙwashewar bututu, waɗanda lodin da ya wuce kima da faɗawa ramuka ke gaggauta su.

Haɗarin da Ke Ciki

Man da ya zubo ƙasa yake gangarawa, inda birkin gaba yake. Idan ya jiƙa takalmin birki, birki ya daina kamawa yadda ya kamata, kuma wanki ba ya fitar da man da ya riga ya tsotse. Sai dai a sake sabo. Ban da haka, idan mai ya ragu, taya kan riƙa tsalle tana rabuwa da ƙasa, tayar da ke sama kuwa ba ta jin birki, ba ta jin kan babur.

Hanyar Magani

Matakin farko shi ne cire hakin. A wanke bututu, a ɗaga robar tare ƙura, a yanko ɗan siririn falle mai santsi daga gorar ruwa ta roba ko tsohon fim na hoto, a zura shi a hankali tsakanin zobe da bututu, a zagaya da shi sau ɗaya ana janyo dattin waje. Kada a yi amfani da allura ko sukuddireba. Daga nan a kama birki a danna gaban babur sau da yawa, a goge, a sake dubawa.

Idan yoyo ya dawo, sai a bi bututu da farce. Duk inda farce ya sarƙe, nan ne ke yankar roba. Ƙaramin kaifi ana iya lallashe shi da sanfefa mafi laushi da ɗan mai. Rami mai zurfi ko lanƙwasa kuwa sai sabon bututu, domin sabon zobe a kan bututu mai rauni asarar kuɗi ce.

Wajen sauyi, a sake zobban ƙafafun biyu tare, a duba bushin. A shafa wa sabon zobe mai, a rufe bakin bututu da leda kafin a zura shi, a tabbata ɓangaren da ke da ɗan sifirin yana fuskantar mai. A zuba man shokozoba irin wanda littafin kamfani ya ambata, awo ɗaya a kowace ƙafa. Baƙin man da aka juye daga inji bai dace ba, domin cike yake da garin ƙarfe.

Kammalawa

Rigakafi a nan ba shi da tsada: goge bututu da tsumma mai tsabta bayan tafiya, da sauya doguwar robar rufi da zarar ta yage. Wanda ya ga maiƙo ya kusa kai wa birki kuwa, wajibi ne ya kai babur wurin bakanike kafin ya sake ɗaukar kowa a bayansa.