Dim Sum Ba Nama: Teburin Shayin Kanton a Hannun Masu Zuhudu

 A shirinmu na yau za mu nausa kudancin ƙasar Sin, zuwa lardin Guangdong da babban birninsa Guangzhou, wanda Turawa suka daɗe suna kira Kanton, da kuma maƙwabciyarsa Hong Kong, domin mu zauna a teburin da mutanen wannan nahiya suke ji da shi fiye da kowane teburi, watau na shayin safe, mu ga yadda yake zama idan aka ce za a shimfiɗa shi ba tare da nama ko kifi ba.

Al'adar Kantoniyawa ce tun zamanin daular Qing, idan gari ya waye, dattijo ya ɗauki jaridarsa, ɗan kasuwa ya gayyaci abokin cinikinsa, iyali kuma ranar hutu su kwashi kakanni da jikoki, a nufi gidan shayi, inda ake kawo butar shayi tare da ƴan ƙananan abinci iri-iri, uku-uku ko huɗu-huɗu, a cikin ƙananan kwandunan gora waɗanda aka jera bisa juna aka turara. Waɗannan ƴan loma su ne dim sum, zaman kansa kuwa yum cha suke ce masa. Akwai gidajen da suka tsufa a wannan sana'a har suka zama abin alfaharin gari, kamar Tao Tao Ju na Guangzhou wanda aka buɗe a 1880, da Luk Yu na Hong Kong wanda yake nan tun 1933.

To, sai dai duk wanda ya san wannan teburi ya san cewa alade da jatan lande su ne ginshiƙansa. Abinci huɗu da ake auna darajar kowane gida da su, na farkonsu har gow ne, ƙunshin jatan lande a cikin ɓawo mai sheƙi. Na biyu siu mai, niƙaƙƙen naman alade da jatan lande. Na uku char siu bao, farin burodi turararre mai gasasshen alade a ciki. Na huɗu kuwa ɗan kek ɗin ƙwai, wanda bisa tsohuwar hanya da kitsen alade ake murza ɓawonsa. Har abin da ido zai rantse ba ruwansa da dabba, irin lo bak go da ake yi da farin radish da garin shinkafa, idan ka gutsura sai ka tarar an barbaɗa masa busasshen jatan lande da yankakken tsiran alade. Ganyen da aka dafa kuwa, an kwarara masa romon kawa, wanda kamfanin Lee Kum Kee ya shahara da shi tun 1888. Saboda haka wanda ya yi niyyar cire dabba daga wannan teburi, ba ƙaramin aiki ya ɗauko ba, gama sai ya sake gina kusan kowace loma daga tushenta.

Mai saurare zai iya zaton wannan bidi'a ce ta ƴan zamani masu tsoron ƙiba. Haƙiƙa kuwa asalinta ya girmi gidajen shayin kansu da fiye da shekara dubu. Sarki Wu na daular Liang, wanda ya yi mulki daga 502 zuwa 549, mutum ne da addinin Buddha ya ratsa shi ƙwarai, har ya rubuta wasiƙa yana wajabta wa ruhubanawan ƙasarsa barin giya da nama, kuma tun daga wannan zamani ƙin cin mai rai ya zama ɗabi'ar masu zuhudun Sin, alhali ƴan'uwansu na wasu ƙasashe suna karɓar duk abin da aka zuba musu a ƙwaryar bara. Suka ƙara wa kansu wani sharaɗi mai tsanani, suka haramta tafarnuwa da albasa da danginsu, guda biyar masu kaifin wari, bisa hujjar littattafansu cewa dafaffunsu suna motsa sha'awa, ɗanyunsu kuma suna tayar da fushi. Ku duba fa, jama'a: kuku an hana shi nama, an hana shi kifi, sa'an nan an karɓe masa albasa da tafarnuwa, aka ce kuma ya ciyar da sarakuna da attajirai masu zuwa ziyara, waɗanda harshensu ya saba da daɗi. Tilas ce ta koya wa waɗannan mutane hikima. Talakawa su ma suna da nasu rabo, domin da yawa daga cikinsu sukan ƙaurace wa nama a ranar ɗaya da ranar goma sha biyar ga watansu na ƙamariyya, kuma a ranar farko ta sabuwar shekara gidaje da yawa dafa-dukan ganye suke ci, wanda suke kira lo hon jai.

Abubuwa uku ne wannan hikima ta dogara a kansu. Akwai danƙon alkama, wanda ake samu idan an kwaɓa gari aka yi ta wanke ƙullun a ruwa har sitacin ya tafi, ya bar wani abu mai jan haƙori, mai shan duk romon da aka ba shi. Da shi ake yin char siu na ganye, a jiƙa shi a ruwan waken suya mai gishiri da sukari, a gasa har gefensa ya yi duhu. Akwai fatar awara, watau yanar da take tasowa a saman madarar waken suya idan ta yi zafi, a ɗage ta da tsinke a shanya, ta zama kamar takarda, a naɗe kayan lambu da ita, a soya, a sake turarawa. Amma sarkinsu duka shi ne busasshiyar laimar kwaɗi baƙa, wadda bushewar take ƙara mata ƙamshi da nauyin ɗanɗano fiye da ɗanyarta, har ruwan da aka jiƙa ta a ciki ba a zubar da shi, domin shi ne yake tsayawa a madadin romon ƙashi.

Wanda yake son ya ga wannan a aikace, wuri mafi sauƙi a gare shi shi ne gidan shayin LockCha da ke cikin lambun Hong Kong Park, daf da Flagstaff House, tsohon gidan kwamandan sojan Ingila da aka gama a 1846, wanda tun 1984 ya koma gidan adana kayan shayi. Can ba a jin hayaniyar manyan gidajen yum cha, inda ɗaruruwan mutane suke magana lokaci guda. Za ka zaɓi shayinka tukuna, ko pu-erh mai duhu mai yanke maiƙo, ko mai furen yasmin, sa'an nan ka yi alama a takarda bisa abin da kake so, a riƙa kawowa kwando-kwando da tururinsa. Idan abokin zamanka ya zuba maka shayi, ka ƙwanƙwasa teburi da yatsu biyu, godiyar ke nan, ba sai ka katse hira ba.

A ra'ayin wannan shiri, kuma muna faɗa da ladabi ga masu saɓa mana, lomar da ta fi cin nasara ita ce wadda ba ta yi da'awar zama nama ba. Jatan landen ƙarya da ake sarrafawa daga garin saiwar konjac, a rina masa jan zane a baya, yana burge ido, amma a baki santsi ne kawai da tauri, ba zaƙin teku a cikinsa, kuma mai ci yakan tashi yana tuna abin da aka hana shi. Amma a ba ka wannan ɓawo na har gow, wanda ake kwaɓawa da sitacin alkama da na rogo a tafasasshen ruwa, kuku ya danne shi da gefen faffaɗar wuƙarsa har ya zama kana hango abin da ke ciki, ya ninke bakinsa ninki bakwai ko goma ko fiye, a cika shi da laimar kwaɗi da tohon gora da ɗan seleri da ɗigon man riɗi, to, a nan ba wanda zai tambayi inda jatan lande ya tafi. Haka nan wu gok, ƙwallon gwaza da ake soyawa har bayansa ya tashi saƙa-saƙa, da cheung fun, naɗin ƙullun shinkafa mai laushi da ake kwarara wa ruwan waken suya, da shinkafa mai danƙo da aka ƙunsa a ganyen bado ta sha ƙamshinsa. A gidan da ake da nama, kitse yakan rufa wa kuku asiri. A nan kuwa idan ɓawo ya yi kauri ko tururi ya wuce kima da minti ɗaya, babu abin da zai ɓoye aibin.

Su kansu wuraren ibadar suna ciyar da baƙi har yau. Po Lin na tsibirin Lantau, wanda ruhubanawa uku suka kafa a 1906, inda aka kammala katafaren gunkin Buddha na tagulla a 1993, yana da ɗakin cin abinci. Haka kuma a lambun Nan Lian, kusa da gidan zuhudun mata na Chi Lin, akwai gidan abincin ganye a bayan wani ruwa mai gangarowa.

Saura magana ɗaya da ta shafi ƴan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou saro kaya, waɗanda da yawansu sukan yi makonni ba su wuce gidajen abincin unguwar Xiaobei ba, don tsentseni da gudun shubuha. Gidan abincin ganye na mabiya Buddha, wanda alade bai taɓa shiga tukunyarsa ba, yana kawar da mafi girman abin tsoro. Amma a lura, babban gidan shayi wanda ya ware ƴan lomomi ya ce na ganye ne, hukuncinsa daban, domin madambaci ɗaya ne da man suya ɗaya, kuma masu girkin Sin sukan ɗiga giyar shinkafa a girki ba tare da sun ɗauke ta a bakin komai ba; sai a yi tambaya a kan kitse da giya kafin a sa hannu. Wanda ya isa Hong Kong kuma ransa ya biya siu mai na nama, to, a Wan Chai, a benen cibiyar Musulunci da ke haɗe da Masallacin Ammar, akwai kantin da ake yin dim sum na halal, inda kaza da naman sa suka maye gurbin alade.