Manhajar Ofis ta Biya da ta Kyauta: Gaskiya da Jita-jita

Manhajar ofis ita ce wadda ake rubuta takarda da ita, a yi lissafi a jadawali, a tsara allunan gabatar da jawabi. Wadda ta fi shahara ita ce ta kamfanin Microsoft, mai ɗauke da Word da Excel da PowerPoint. A da sau ɗaya ake sayenta. Daga 2011 kamfanin ya fara bayar da ita ga ma'aikatu bisa biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara da sunan Office 365, a 2013 ya buɗe tsarin ga ɗaiɗaikun mutane, a 2020 kuma ta amfanin gida ta koma Microsoft 365. Babbar kishiyarta ta kyauta ita ce LibreOffice, wadda ta samo asali a 2010 daga tsohuwar OpenOffice, gidauniyar The Document Foundation da ke Jamus ke kula da ita. Maganganu da yawa na yawo a kan su biyun, wasu gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuma ba su da tushe.

"Ta kyauta ai ta sata ce"

Wannan ƙarya ce. LibreOffice tana da lasisi wanda ya halatta wa kowa ya sauke ta, ya saka a kwamfutoci ko nawa ne, ya yi kasuwanci da ita, ya kwafa wa wani. Asalin rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, duk mai ilimin abin zai iya dubawa ya gyara. Abin da yake na sata shi ne kwafin Microsoft Office da aka fasa makullinsa, irin wanda wasu masu gyaran kwamfuta ke saka wa mutane. Da yake su biyun suna zuwa ba tare da an biya kamfani ba, sai aka riƙa haɗa su a kwando ɗaya, alhali ɗaya halal ce a doka, ɗayan kuwa satar fasaha ne.

"Duk manhajar kyauta buɗaɗɗiya ce"

Ba haka ba ne. Google Docs kyauta ce ga mai asusun Google, amma kamfanin ne kaɗai ke riƙe da asalinta. WPS Office ta kamfanin Kingsoft na ƙasar Sin tana da nau'in kyauta, ita ma a rufe take. Microsoft kansa yana ba da Word da Excel kyauta a shafin intanet, amma ba tare da wasu ayyuka ba. Bambancin yana da muhimmanci: kamfani na iya sauya sharaɗin kyautarsa duk ranar da ya ga dama, amma buɗaɗɗiyar manhaja da aka riga aka saki ba mai iya karɓe ta daga hannun jama'a.

"Microsoft ya daina sayarwa, sai dai haya"

Ƙarya ce. Har yanzu akwai nau'in biya sau ɗaya, kamar Office 2021 da Office 2024. Mai shi ba ya samun sababbin abubuwan da ake ƙara wa masu biyan shekara, ba shi da babban rumbun ajiya na intanet, kuma gyaran tsaronsa yana da wa'adi. Office 2016 da 2019 sun daina samun wannan gyara a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Gaskiyar da ke cikin maganar ita ce kamfanin ya fi tallata tsarin haya, kuma farashinsa na iya tashi: a Janairun 2025 kuɗin shekara na mutum ɗaya a Amurka ya tashi daga kusan dala 70 zuwa kusan dala 100.

"Ranar da kuɗi ya ƙare, takardu sun tafi"

Takardun da ke cikin kwamfutar mutum suna nan, ba abin da zai taɓa su. Abin da ke faruwa shi ne manhajar takan bar mutum ya buɗe ya karanta ya buga, amma ta hana shi gyarawa ko fara sabuwa. Inda ya kamata a kula shi ne OneDrive, rumbun ajiyar Microsoft na intanet: mai biya yana da tarabait 1, wanda ba ya biya yana da gigabait 5 kawai. Wanda ya tara kaya fiye da haka ba zai iya ƙara ajiya ba, kuma bai kamata ya bar asusun a wannan hali na dogon lokaci ba tare da ya sauke fayilolinsa ba.

"LibreOffice ba ta buɗe fayil ɗin Word"

Tana buɗewa, tana kuma adanawa a tsarin docx da xlsx da pptx. Wasiƙa, takardar jarrabawa, rasit da lissafin shago galibi suna wucewa lafiya. Amma masu ƙorafin cewa takarda takan hargitse ba ƙarya suka yi ba. Sau da yawa dalilin samfurin haruffa ne: idan an rubuta da Calibri aka buɗe a kwamfutar da ba ta da shi, layuka sukan gusa, shafi ya ƙaru. Saka Carlito, wanda aka auna faɗinsa daidai da Calibri, yana rage matsalar. Matsala mafi girma tana cikin manyan jadawalan Excel masu makuro, wato umarnin da ke gudanar da aiki da kansa. Ba dukansu ke aiki a Calc, manhajar jadawali ta LibreOffice, ba. Haka kuma LibreOffice ba ta da madadin Outlook, manhajar imel ta Microsoft, kuma aikin mutane da yawa a takarda ɗaya a lokaci guda ya fi sauƙi a Microsoft 365 ko Google Docs.

"Sai da Word ake samun ɓ da ɗ da ƙ"

Baƙaƙe masu lanƙwasa ba mallakar wata manhaja ba ne. Suna cikin tsarin Unicode da kwamfutocin zamani ke bi. Abin da ake bukata shi ne madannai da aka saita don Hausa da samfurin haruffan da ya ƙunshi waɗannan baƙaƙe. Idan an samu biyun, Writer ta LibreOffice da Word duk suna rubuta su.

"Tunda kowa na ganin asalinta, ɓarayin intanet za su shige ta"

Buɗe asali ba ya raunana tsaro, domin yana ba masana damar gano kuskure su gyara. Ba ya kuma tabbatar da tsaro: kuskuren Heartbleed da aka gano a 2014 ya shafe kusan shekara biyu a cikin buɗaɗɗiyar manhajar OpenSSL. Rufaffiya ma ba ta tsira ba, shi ya sa a 2022 Microsoft ya fara toshe makuro a fayilolin da aka sauko da su daga intanet. Mafi haɗari shi ne kwafin da aka fasa, domin abin fasa makullin yakan zo da ƙwayar cutar kwamfuta. Biye da shi akwai kowace manhaja da aka daina sabuntawa.

"Gwamnatoci sun gwada sun gudu" da "sauyawa ba ta cin ko kwabo"

Duka biyun zuzutawa ce. Birnin Munich na Jamus ya mayar da kwamfutoci kusan 15,000 kan buɗaɗɗiyar manhaja, ya kammala a 2013, amma a 2017 majalisarsa ta zaɓi komawa Windows. A ɗaya hannun, jandarmomin Faransa sun koma OpenOffice tun 2005, Birtaniya ta ɗauki buɗaɗɗen tsarin fayil na ODF don musayar takardun gwamnati a 2014, jihar Schleswig-Holstein ta Jamus kuma ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice. Lasisi kyauta ne, amma horar da ma'aikata, sake tsara tsofaffin fom da biyan masu tallafin fasaha duk kuɗi ne. Ma'aikatar da ta manta da wannan ita ce ke shan wuya.

Yadda ake zaɓe

Ma'aunin shi ne irin aikin da kuma waɗanda ake musayar takardu da su. Ɗalibi, marubuci, makaranta ko ƙaramin shago da ke rubuta takarda su buga ko su aika a PDF, LibreOffice ta ishe su, kuma tana aiki ba tare da intanet ba, yayin da Microsoft 365 ke bukatar haɗi kusan sau ɗaya a wata don tabbatar da rajista. Akanta mai jadawalai masu makuro, ko ofishin da abokan hulɗarsa ke gyara takarda tare da shi kullum, biyan kuɗin ya fi masa. Wanda ke shakka zai iya saka su biyun a kwamfuta ɗaya, ya gwada fayilolinsa na gaske kafin ya yanke shawara. Kowace aka ɗauka, a sauke ta daga shafin masu ita, a riƙa sabunta ta, a kuma ajiye kwafin muhimman takardu a wani wuri dabam.