Zancen Zuci Wajen Kula da Iyaye Tsofaffi

Zancen zuci shi ne maganar da mutum kan yi da kansa ba tare da furtawa ba. A 1955 Albert Ellis, masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, ya fito da hanyar magance damuwa bisa ra'ayin cewa fassarar da mutum ya yi wa lamari ta fi lamarin kansa ɓata masa rai.

Mu ɗauki misalin wata malama a Hanwa mai jinyar mahaifiyarta. Ta dawo daga Samaru a gajiye, ta kawo tuwo, tsohuwa ta ture kwano, wai an yasar da ita. Idan malamar ta ce a ranta, "Dole Inna ta gode mini, in ba haka ba na kasa," za ta kwana cikin ƙunci. Wannan "dole" ita Ellis ya fi zargi. Gara ta tambayi kanta, ina hujjar cewa ta kasa? Sannan ta gyara zancen: "Na so ta yaba, amma tsufa da ciwo ne, na yi iyakar ƙoƙarina."

Wannan bai rage haƙƙin uwa ba ko kaɗan. In kuwa faɗan ya haɗu da yawan mantuwa, sai a kai ta asibitin Shika likita ya duba ta.