Kamarar tsaro a butiki: saye daban, saiti daban

Kwanan baya wata Hajiya mai sayar da atamfa ta kira ni cikin shirina na rediyo, ranta a ɓace. An fasa mata butiki, ta gano bayan ta dawo daga tafiyar sati uku, da aka buɗe na'ura sai aka tarar hoton daren ya goge. Kamara huɗu gare ta, kuma duk lafiya lau suke.

To, ƴan kasuwa, ga inda matsalar take. Kamarar zamani, irin su Hikvision da Dahua, tana aika hoto ta waya zuwa wani akwati da ake kira NVR, mai faifan ajiya a ciki. In faifan ya cika, sabon hoto yana hawa bisa tsoho. Kamara guda mai megafiksel 2, in tana ɗauka dare da rana a megabit 2 cikin daƙiƙa, tana cin wajen giga 21 a yini. Kamara huɗu bisa faifan tera 1 ba za su wuce kwana 12 ba. Abin da ya ci Hajiya ke nan.

Maganin shi ne a sa na'ura ta ɗauka da dare in ta ga motsi kaɗai. Da rana, lokacin ciniki, a bar ta ta ɗauka ba tsayawa, don mai hannu yakan shigo ne cikin masu saye. Amma a sani, kamara ba ta san ɓarawo ba: canjin hoto take gani. Ƙurar hunturu, fitilar babur, leda da iska ta kwaso, ƙwarin da ke bin jar fitilarta ta dare, har saƙar gizo-gizo a bakin gilashi, duk motsi ne a wurinta. In an ƙure mata ƙarfin ji, salularki za ta kwana tana ƙara, bayan kwana uku ki kashe ta don haushi. Sai a ce wa mai haɗawa ya zana ƙofa, taga da wurin ajiyar kuɗi kaɗai, ya fidda titi, ya sa ƙarfin ji a tsakiya, sa'annan ya sa ta riƙe daƙiƙa 5 ko 10 kafin motsin. Kar ya tafi sai an gwada da dare: yaron butiki ya gitta, a duba ko fuskarsa ta fito. Kamarar da aka kafa can ƙoli hula kawai take nunawa.

A gyara agogon na'ura, don a komisariya rana da awa za a fara tambaya. A canza kalmar sirri kuma. A 2016 wata cutar kwamfuta mai suna Mirai ta kame dubban kamarori a duniya saboda masu su sun bar kalmar da suka zo da ita daga kamfani. Mai butiki ya riƙe ta da kansa, ba mai haɗawa ba.

Saura kuran. Duk mun tuna duhun da aka sha bayan Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023. Akwati da kamara su kasance bisa batiri ko hasken rana. Shi kuwa akwatin, kar a aje shi bisa tebur kusa da tele, inda ɓarawo zai saɓa shi ya fita da shi tare da atamfar.