Shin Sababi Yana Iya Riga Haske Isa?

 Ƴan uwa ɗalibai, mun karanta cewa sababi yana gabatar musabbabi: sai an kunna wuta kafin ruwa ya tafasa. To, wane irin sauri tasirin sababi yake yi kafin ya kai ga abin da ke nesa?

Tun ƙarni na 11 Ibnul Haisam ya ce haske yana ɗaukar lokaci a tafiyarsa. Yau an auna shi: kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Hasken rana yana yin minti 8 da ƴan daƙiƙu kafin ya iso mu, wato ranar da kake gani ta ɗazu ce.

A 1905 Albert Einstein ya bayyana cewa wannan saurin shi ne iyaka: babu jiki ko saƙo da zai wuce shi. Dalili kuwa, mutum biyu da ke tafiya da gudu mabambanta suna iya saɓawa kan wanne ya fara faruwa cikin abubuwa biyu, idan haske bai samu lokacin ratsa tsakaninsu ba. Da tasiri zai fi haske gudu, sai wani mai kallo ya ga amsa ta zo kafin tambaya. Ka ga tsari ya rushe kenan.

Amma fa akwai mas'ala mai wuya. Ana iya haɗa ƙananan ƙwayoyi biyu kamar tagwaye, a raba su da nisa. In an auna ɗaya, sakamakon ɗayar sai ya dace da shi. Einstein bai gamsu ba, ya yi rubutu a kai a 1935. John Bell ya kawo hanyar gwaji a 1964, gwaje-gwaje suka tabbatar da alaƙar, har aka ba Aspect da Clauser da Zeilinger kyautar Nobel a 2022.

Shin iyakar ta karye? A'a. Mai awo ba shi ke zaɓen sakamakon da zai fito ba, don haka ba zai iya aika ko harafi ɗaya ta nan ba. Dacewar ba ta bayyana sai an kwatanta sakamakon biyu ta saƙo na yau da kullum. Masana na ci gaba da muhawara kan haƙiƙanin wannan alaƙa, amma saƙo dai bai riga haske ba. Allah ne Mafi sani.